Ta yaya zan gane ko sabon shafin laburarenmu zai amfani masu karatu?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga masu yawan shiga shafukan intanet na ɗakunan karatu, ɗalibai da malamai da masu bincike.

Ni ma'aikaci ne a laburaren wata kwaleji a nan cikin Kano, ina sashen ba da aron littattafai. Hukumar makaranta ta ba wani kamfani aikin gina wa laburaren shafi. An ba su kafin alƙalami, sun kawo aiki, yanzu suna jiran cikon kuɗinsu. Shugabarmu ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta ga rahoto a rubuce kan yadda shafin yake a hannun mai karatu. Ni ta ɗora wa aikin, ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ranar da suka nuna shi a babban allo a ɗakin taro kowa ya yaba. Ga hoton ginin laburare yana juyawa, ga jawabin maraba na shugaban makaranta, ga tarihin kafuwarmu da manufofinmu. To amma ni da nake zaune a kanta kullum na san irin tambayoyin da ake yi mini. Littafi kaza yana nan? Wani ya are shi? Yaushe zai dawo da shi? Kuna buɗewa ranar Asabar? Da azumi ƙarfe nawa kuke tashi? Akwai tsofaffin takardun jarrabawa? Ina kundayen waɗanda suka gama bara? Da na buɗe shafin a wayata sai da na yi ta gangarawa ƙasa kafin in ga gurbin neman littafi. Lokutan buɗewa kuwa suna cikin wata takardar PDF, sai ka sauke ta tukuna.

Na shirya takardar tambayoyi da zan raba wa ɗalibai, irin mai "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". Sai dai hankalina bai kwanta da ita ba. Na san yaranmu. In ma'aikaci ya miƙa musu takarda yana tsaye a kansu, kunya za ta sa su cike "na yarda" daga sama har ƙasa su miƙo masa.

Ba na so in zalunci kamfanin nan, sun yi aiki. Kuma ba na so makaranta ta karɓi abin da ɗalibi zai buɗe sau ɗaya ya daina. Don Allah da me kuke auna shafin laburare? Me yake sa ku koma, me yake sa ku rufe?

Maman Khalifa ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka wa shugabarku da alheri da ta tsaya a kan wannan.

Ni ina digiri na uku ne, kuma ina koyarwa da rana, ga yara. A Ɗorayi nake. Karatuna sai bayan isha'i, in gida ya yi shiru, wayata a hannu, wani lokacin ma babu wuta. A wannan lokacin babu ƙofar laburaren da take buɗe a Kano, shafin ne kaɗai laburarena. Saboda haka ma'aunina guda ɗaya ne: shin shafin ya hutar da ni fita, ko kuwa ya sa na yi fitar banza?

Fitar banza ita ce ta fi ciwo. Akwai laburaren da na taɓa dubawa a shafinsu, katalogi, wato jerin littattafan laburaren, ya nuna littafin yana nan a kanta, har da lambarsa. Na bar ƙaramin yarona wurin maƙwabciya, na biya adaidaita zuwa da dawowa, na je aka ce ai littafin ya daɗe da ɓata. Da shafin bai ce komai ba, da na kira waya na tambaya. Don haka abu na farko da zan ce ka gwada shi ne gaskiyar katalogin. Ka tsinci littattafai daga shafin, ka je kanta ka duba ko suna nan. Sannan ka juya, ka zaro wasu daga kanta, ka neme su a shafin. In ɗalibi ya ari littafi da safe, shafin ya nuna an are shi kafin azahar? In bai nuna ba, kyan hoton ginin ba zai yi mini komai ba.

Na biyu, mujallun bincike. Makarantu da yawa suna da rajista da Research4Life, shirin da yake buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun bincike, wato HINARI na harkar lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na noma da ya biyo baya a 2003, da sauransu. Wasu suna da JSTOR, wani rumbun mujallu a intanet. Sai ka ga an jera tambarinsu a shafi reras, ka danna, ya kai ka inda ake tambayar kalmar sirri, kuma babu layi ɗaya da ya gaya maka wa za ka tambaya, ko daga gida ana iya shiga, ko sai kana cikin makaranta. Na san ɗalibai da suka gama digiri suna biyan kuɗi a kafe ana nemo musu maƙala, alhali makarantarsu tana da ita kyauta. Shafi mai kyau zai raba maka: waɗannan kowa yana shiga, kamar DOAJ mai tara mujallun da ake karantawa kyauta, waɗannan sai da rajistar makaranta, ga yadda ake samu. AJOL ma a sa shi a gaba, tun 1998 yake tara mujallun Afirka, kuma a nan ne ɗalibin da yake rubutu a kan Kano ya fi samun abin da ya shafe shi.

Kundayen digiri kuma, don Allah ka duba ko cikakke aka sa ko bango da tsakure kawai. In tsakure ne a faɗa tun a gaba, kada mutum ya ƙona datarsa.

Wani abin da nake fara dubawa a kowane shafi shi ne kwanan wata. In na ga sanarwar ƙarshe ta shekara biyu, na san babu kowa a bayansa, ba na ƙara yarda da komai a ciki. Haka lambar waya. Ka ba wani da ba a san muryarsa ba ya kira lambar da aka sa, ya aika saƙo ta WhatsApp ko imel, ka rubuta tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a amsa. Wannan ma ingancin shafi ne a wurinmu, ko da kamfani zai ce ba aikinsa ba ne.

Injiniyan Zoo Road ya rubuta:

Yallaɓai, ni sana'ata ke nan, gina shafuka, don haka zan yi magana ta ɓangarori biyu.

Zarginka a kan takardar tambayoyi daidai ne. Abin da mutum yake faɗa da abin da yatsansa yake yi a kan waya ba ɗaya ba ne. Wanda zai sayi waya a Farm Centre ba kwali yake tsayawa kallo ba, layi yake sawa ya kira ya ji. Haka za ka yi. Ka ɗauki tambayoyin nan da ka lissafa da kanka, su ne jarrabawar. Ka rubuta kowace a matsayin aiki: nemo mini ko kuna da littafi kaza, kuma a wace kanta yake. Gano ƙarfe nawa ake rufewa ranar Juma'a. Sauke takardar jarrabawar bara ta kwas kaza. Ka zaunar da ɗalibi shi kaɗai, da wayarsa, da datarsa. Ka ce ya riƙa faɗin abin da yake ransa da baki yana yi. Kai kuma ka yi shiru. Wannan shirun shi ne mai wuya, don za ka ga yana neman maɓallin da yake gabansa, bakinka ya yi ta ƙaiƙayi. In ka nuna masa, ka ɓata gwajin. Ka gaya masa tun farko shafin ake jarrabawa, ba shi ba. Abin da za ka rubuta: ya gama ko bai gama ba, minti nawa, a ina ya tsaya.

Ba ka buƙatar taron jama'a. Jakob Nielsen, wanda ya shahara a wannan fanni, ya nuna a 2000 cewa mutum biyar suna bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi. Sai dai biyar ɗin su zama iri ɗaya, wato in kana da sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe da malamai, kowane rukuni a samo masa nasa. In shugabarku tana son lamba a rahoto, akwai SUS, ma'aunin sauƙin amfani da manhaja, da John Brooke ya fitar a 1986. Jimloli 10 ne kacal, ana cikewa bayan an gama gwajin, maki daga 0 zuwa 100, kuma 68 ake ɗauka matsakaici. Bayan mutum ya sha fama da shafin da hannunsa, kunya ba ta cika hana shi faɗin gaskiya ba.

Kada ka gwada a kwamfutar ofis da intanet ɗin makaranta. Ka nemi waya mafi arha a cikin ɗalibanku, mai tsagaggen gilashi da cikakkiyar ma'ajiya. Ka duba datar da take ciki kafin a buɗe shafin da bayan an buɗe. Hotunan nan masu juyawa su ne suke shanye data, kuma su ne suke sa shafi ya tsaya fari fat in sabis ya yi rauni. A gwada da rana a cikin makaranta, a gwada da dare a cikin unguwa, a layi fiye da ɗaya.

Akwai abubuwan da mai karatu ba ya gani amma shi suke cutarwa. Ka tambayi kamfanin a kan me katalogin yake tafiya. In Koha ce, manhajar kyauta ce da aka fara a New Zealand, dubban ɗakunan karatu suna amfani da ita, ko kun rabu da kamfanin wani zai iya ci gaba. Haka DSpace ta ajiye kundaye, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002. In kuwa wata manhaja ce da su kaɗai suka san cikinta, ku nemi a rubuta yadda za ku kwashe bayananku in ta kama. Ka tambaya da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, wa yake biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, wa yake riƙe da babbar kalmar sirri. Shafuka da yawa a garin nan haka suka mutu, shekara ta zagayo babu wanda ya san shi ne zai biya. Sai ajiyar kwafi. Babban laburaren Birtaniya, da duk ƙarfinsa, masu kutse sun durƙusar da shi a Oktoban 2023, sai Janairun 2024 katalogin ya fara dawowa. Kuma shafin da zai riƙe sunan ɗalibi da lambarsa da abin da ya ara, dokar Najeriya ta kare bayanai ta 2023 ta hau kansa.

Amma a yi adalci. Ni an sha ba ni aiki a ce "ka sa hoton oga a gaba", in na ce gurbin nema ya kamata ya zauna a nan a ce a'a. Ka raba rahotonka gida biyu: laifin gini da laifin abin da aka zuba a ciki. Katalogin da bai cika ba, da lambar da ba a ɗauka, wannan naku ne.

Ɗan Yakasai ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni nazarin rubuce-rubucen malamanmu nake yi, na Larabci da na ajami da na boko, kuma inda shafukan laburare suke kayar da ni shi ne gurbin nema.

Malam, ka gwada wannan a gaban mutanen kamfanin. Ka nemi Shehu. A littattafan Turanci za ka ga Usman dan Fodio, a wasu Uthman ibn Fudi, a na Hausa Usmanu Ɗanfodiyo, wani ya raba Ɗan da Fodiyo, wani ya haɗe. Mutum ɗaya ne. Katalogin da aka yi da ilimi yana tara waɗannan a ƙarƙashin suna guda, duk wanda ka rubuta ya kawo maka sauran. Wanda aka yi da gaggawa kuwa sai ya ba ka littafi biyu, ka tafi kana zaton su ke nan, alhali wasu goma suna kwance a ƙarƙashin wani rubutun. Haka Nana Asma'u, da alamar hamza da babu. Haka Muhammad da Muhammadu da Mohammed. Sunayenmu kusan duk haka suke, wannan ba ƙaramar matsala ba ce a laburaren da yake Kano.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Ɗalibi zai rubuta "kasa" da k ta kullum, don allon wayarsa ba shi da ƙ, littafin kuma an shigar da shi da "ƙasa". In manhajar ba ta ɗauke su daidai wajen nema ba, za ta ce babu. Wani lokacin kuma akasin haka, mai shigarwa ne bai sa lanƙwasa ba. Ka gwada duka biyun da ɓ da ɗ da ƙ. Ka duba kuma ko suna fitowa daidai a allo, ko ɗan akwati ko alamar tambaya suke komawa. Wannan gyara ne da masu gini suke iya yi, in an nuna musu.

In kuna da littattafan Larabci, ka rubuta suna da Larabci ka gani ko zai tafi daga dama zuwa hagu lafiya, ko zai samo littafin ba tare da wasali ba. Ɗaliban ilimi sun saba da Maktaba Shamila, manhajar da ta tara littattafan Larabci, suna rubuta rabin jimla ta kawo musu littafi da shafi. Da wannan suke gwada ku, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Abin da yake taɓa zuciyata shi ne wannan. Littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na nan Kano da ya rasu a 1962, dubban rubuce-rubucen hannu, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Ina zaune a Yakasai ina iya sanin abin da yake cikinsu, saboda an tsara sunayensu an sa a intanet. Amma sau da yawa abin da yake cikin wani ɗaki a nan garin, tafiyar adaidaita ɗaya, ba ni da hanyar saninsa sai in na san wani da ya san wani. Littattafan Turanci da kuke da su akwai su a ko'ina. Abin da ku kaɗai kuke da shi, kundayen ɗalibanku a kan unguwanni da sana'o'i da malaman Kano, da ƙananan littattafan da aka buga a nan, su ne ya kamata shafin ya fara fitarwa. Ka sa wannan a rahotonka: me muke da shi da babu a wani wuri, kuma shafin ya nuna shi?

Malamin Tudun Maliki ya rubuta:

Ɗan'uwa, ni makaho ne, malamin makaranta, kuma da manhajar karanta allo nake rubuta maka wannan. A kwamfuta ina amfani da NVDA, kyauta ce. A waya TalkBack, wadda take cikin yawancin wayoyin Android. Ina roƙonka kada ka rufe rahoton nan ba ka zaunar da ɗaya daga cikinmu ba.

Ga abin da yake faruwa da mu. Na shiga shafi, manhaja ta ce "maɓalli, maɓalli, hoto, maɓalli", saboda ba a sa wa kowanne suna ba. Ban san wanne ne na nema ba. Hotunan da suke juyawa da kansu suna katse karatun, su mayar da ni sama. Wurin shiga a ce in kwafi haruffan da suke cikin hoto don a tabbatar ni mutum ne, babu zaɓin sauti, nan tafiyata ta ƙare. Mafi yawa kuma ita ce PDF ɗin da hoto ce kawai. An ɗauki takarda a na'ura an ɗora, mai ido yana ganin rubutu, ni manhajata ba ta ganin ko harafi ɗaya. Lokutan buɗewar da ka ce suna cikin PDF, in irin wannan ce, ni ba ku gaya mini komai ba.

Gwajin yana da sauƙi. Ka ajiye linzamin kwamfuta gefe, ka yi amfani da maɓallin Tab kawai, ka ga ko za ka kai gurbin nema ka buɗe sakamako. Ka buɗe PDF ka yi ƙoƙarin kwafo layi ɗaya, in bai kwafu ba hoto ne. Ka ƙara girman rubutu ninki biyu ka ga ko shafin ya wargaje. Akwai ƙa'idojin duniya da ake kira WCAG, a cikinsu an ce bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. Rubutu ruwan toka a kan fari yana wahalar da dattawan malamanku ma, da duk wanda yake duba waya a cikin ranar Kano.

Dokar Najeriya ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018 an sa mata hannu tun Janairun 2019. Mutane suna tuna ta wajen matakala da ƙofa, suna mantawa da ita wajen shafi. A da sai na nemi mai karanta mini, in jira lokacinsa, in ji nauyin sa shi maimaitawa. Shafin da aka gina daidai yana ba ni damar yin karatu ni kaɗai da tsakar dare kamar kowa. Shi ya sa nake ɗaukar maganar da zafi.

Baba Mai Katalogi ya rubuta:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Na yi aikin laburare har na yi ritaya, tun zamanin kati a durowa, don haka bari in sa baki.

Na yarda da Injiniya a kan zaunar da ɗalibi, amma ban yarda a jefar da takardar tambayoyi ba. Mutum biyar za su nuna maka inda ake tuntuɓe. Ba za su gaya maka abin da jama'ar makaranta suka fi buƙata ba. Gyaran tambayar ake yi. A jami'o'in Amurka ƙungiyar manyan ɗakunan karatu ta bincike ta fito da wani ma'auni, LibQUAL, mai tambayoyi 22. Hikimarsa ita ce kowace tambaya sau uku ake amsa ta, daga 1 zuwa 9: mafi ƙarancin abin da zan iya haƙuri da shi, abin da nake buri, da abin da nake samu yanzu. In abin da ake samu ya faɗi ƙasa da mafi ƙaranci, nan ne gobara take. Ba sai ka sayi nasu ba, ka ari dabarar. Yaron da kunya za ta hana shi cewa "bai yi ba" zai iya rubuta 7 a buri, 4 a abin da ya samu. Kuma kada kai ka raba. Ka ba wakilan aji, babu suna, a jefa a kwali.

Ka nemi kuma waɗanda ba sa zuwa laburare sam: 'yan karatun ƙarshen mako, matan aure, masu zuwa daga Ungogo da Kumbotso da Gezawa. Don su aka fi yin shafin. In ka tsaya a kan masu zama a ɗakin karatu kullum, ka tambayi waɗanda ba su da matsala.

Ranganathan, malamin laburare na Indiya, ya kafa dokoki biyar a 1931, ta huɗu ita ce a tattala lokacin mai karatu. Mu da ita aka rene mu. Abin da 'yata Maman Khalifa ta faɗa a kan littafin da ya ɓata shi ne cikinta. Kuma gaskiya mai ɗaci, wannan ba aikin kwamfuta ba ne. Yaushe rabonku da ƙidayar kanta? In ba a bi littattafai ɗaya bayan ɗaya an cire ɓatattu ba, shafin zai ɗauki kuskuren da yake cikin rajistarku ne ya yaɗa shi gari. Lambar kanta ma a duba. Ɗalibin da ya ga DT515 a allo, ya san tarihin Najeriya ke nan, ya san wane ɗaki zai shiga, wane layi? A rubuta masa a gefe da harshen mutane: bene na ɗaya, hannun dama. Haka kalmominmu na sana'a. Sabon ɗalibi bai san OPAC ba, sunan da muke kiran katalogin intanet. A rubuta "Nemi littafi".

Tambayata ta ƙarshe gare ka: bayan kamfani ya tafi, wane ma'aikaci ne, da sunansa, zai canza lokutan buɗewa ranar da aka ga watan azumi? In babu amsa, ka rubuta hakan a shafin farko na rahoton.

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ta ƙarshe babu amsarta a yanzu, kuma haka zan rubuta.

Na gwada abin da Ɗan Yakasai ya ce yau da rana. "Ƙasa" da "kasa" sakamako daban suke bayarwa, Shehu kuma ya rabu gida uku. PDF ɗin lokutan buɗewa hoto ce, kamar yadda Malamin Tudun Maliki ya yi hasashe. Katalogin a kan Koha yake, wannan ya kwantar mini da hankali. Zan raba rahoton gida biyu yadda Injiniya ya ce, kuma na ga ɓangarenmu zai fi na kamfanin tsawo.

Saura abu ɗaya. Shugabarmu za ta tambaye ni kai tsaye, a biya ko kada a biya. Wasu gyare-gyaren ba sa cikin takardar yarjejeniya, kamar na manhajar makafi. Ya halatta a riƙe wa mutum kuɗinsa a kan abin da ba a rubuta masa ba?

Injiniyan Zoo Road ya rubuta:

A'a, Yallaɓai, kada a riƙe a kan abin da ba a rubuta ba, haƙƙi ne. Ka ɗauko yarjejeniyar ka bi ta layi-layi. Abin da yake ciki kuma bai yi aiki ba, a gyara kafin a biya. In an rubuta shafin zai yi aiki a waya, to gurbin nema da yake ɓuya a ƙasa ya shiga ciki. Abin da ba ya ciki, a zauna a yi ciniki. Sa wa maɓallai suna, da mayar da lokutan buɗewa rubutu sosai, da haɗa ƙ da k wajen nema ba manyan ayyuka ba ne, mai son a sake kiransa zai yi su cikin mako. Amma kalmar sirri da rajistar adireshi da sunan makaranta, da koya wa ma'aikata biyu yadda ake canza rubutu, waɗannan a karɓe su a hannu kafin cekin ya fita.

Malamin Tudun Maliki ya rubuta:

In sun gama gyaran, ka turo mini adireshin ta akwatin saƙo. Zan gwada a waya da kwamfuta, in naɗo maka muryar manhajar yadda take karanta shafin, ka kunna wa shugabarku da mutanen kamfanin su ji da kunnensu. Akwai wata ɗalibata mai raunin gani da take shirin shiga kwaleji bana, zan sa ita ma ta gwada da manyan haruffa.